MAN FETUR CIKIN RIJIYA: TA INA YAKE SHIGA, YAYA AKE FITAR DA SHI?

A wannan fili mun sha yin magana a kan tsabtar rijiya. Mun ce a yi mata baki na siminti, a sa mata murfi, a nisanta dabbobi, kada a yar da guga da igiya a ƙasa. Duk wannan maganin ƙazantar da ke faɗowa daga sama ne. Darasinmu na yau ya shafi wata ƙazanta dabam, wadda ke shiga rijiya ta ƙarƙashin ƙasa, inda murfi ba ya tare ta. Ita ce man fetur, wanda muke kira isansi, da gazuwal da kananzir, masu yoyo daga tankunan gidajen mai.

INA MAN GIDAN MAI YAKE KWANA?

Idan mutum ya je gidan mai, famfo kawai yake gani da tiyo. Man kansa yana ƙarƙashin ƙafafunsa, cikin manyan tankuna da aka binne. Kowane tanki yana cin dubban litoci. Ana binne su ne saboda tsoron gobara da zafin rana. Wannan dabara ce mai kyau, amma tana da aibi guda: abin da aka binne, ido ba ya ganin lalacewarsa.

A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda aka gina don tace ganga 20,000 a rana. Motoci da babura da injunan ban ruwa sun ƙaru. Gidajen mai sun yawaita a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Birnin Ƙonni, har da ƙananan garuruwan bakin hanya. Da yawa daga cikinsu suna maƙwabtaka da gidajen mutane da rijiyoyinsu.

Mai yana kuɓucewa cikin ƙasa ta hanya uku. Ta farko, tsatsa ta ci tankin ƙarfe har ya huje. Ta biyu, bututun da ke kai mai daga tanki zuwa famfo ya tsage, ko mahaɗinsa ya kwance. Ta uku, a cika tanki har ya tumbatsa lokacin da babbar mota ke juye mai.

Kada mu raina ɗan yoyo. A ce tanki yana zubar da lita 4 kacal a rana. Mai gidan man ba zai ma lura ba. Amma a shekara lita 1,460 ke nan, wato fiye da tano 7 masu cin lita 200. Duk sun shige ƙasa.

TAFIYAR MAI CIKIN ƘASA

Ku tuna yadda ake samun ruwa a busasshen gulbi. Ana tona rairayi kaɗan, sai ruwa ya tsattsafo. Haka ruwan rijiyoyinmu yake zaune, a tsakanin ƙwayoyin rairayi da tsakuwa. Yana tafiya sannu sannu daga tudu zuwa gangare. A wani wuri tafiyarsa ta shekara ba ta wuce ƴan metir kaɗan.

Man da ya zuba yana rabuwa kashi huɗu. Wani ya manne wa ƙasa, kamar yadda man gyaɗa ke kama tsumma. Wani ya zama tururi, ya cika ƴan kafofin da ke tsakanin rairayi. Wani ya gangara har ya isa ruwa, ya zauna a samansa, domin mai ya fi ruwa rashin nauyi. Kashi na huɗu shi ne mafi sharri: yana narkewa cikin ruwan kamar gishiri, ya bi shi duk inda ya nufa. Ta haka rijiyar da ke nesa da gidan mai take ɓaci, alhali ba a taɓa zuba mata kome ba.

Laka tana rage saurin mai, rairayi kuwa yana ba shi hanya. Shi ya sa hatsarin ya fi yawa inda ƙasa take rairayi kuma ruwa yake kusa, kamar fadamun gulbin Maraɗi da gulbin Kaba, da Korama, da dallolin Boso da na Mauri. Nan ne kuma lambunanmu na noman rani suka fi yawa.

ILLAR DA YAKE YI

Cikin man fetur akwai wani sinadari mai suna binzin. Wanda ya daɗe yana shansa ko yana shaƙarsa, yana ɓata masa ɓargon ƙashi, inda jiki ke ƙera jini. Yana kawo ƙarancin jini, yana kuma iya kawo sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka cikin ruwan sha. Ga yadda za mu gane iyakar: gram 1 na binzin cikin ruwa lita 100,000, wato tano 500. Abin da ya wuce haka, ruwan bai dace da sha ba. Ruwa yana iya wuce wannan iyaka tun hanci bai fara jin wari ba.

Idan man ya yi yawa, illarsa ba ta jira. Ana samun ciwon kai, jiri, tashin zuciya da ƙaiƙayin fata. Yara da mata masu ciki sun fi kowa rauni a nan.

Tsofaffin tankuna suna da wata matsala. A da ana zuba dalma cikin man fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina a farkon 2006. Amma dalmar da ta riga ta shiga ƙasa ba ta ruɓewa, kuma tana dakushe ƙwaƙwalwar yara.

Gona ma ba ta tsira. Mai yana toshe wa saiwa iska da ruwa. Iri ya ƙi tsira, wanda ya tsira ya yi ɗorawa ya bushe. Dabbobi sukan ƙi ruwan, in ƙishirwa ta tilasta musu su sha su rame.

Sai kuma gobara. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Yana taruwa a wuri mai zurfi: rijiya, masai, rami. Ashana ɗaya ta isa ta tashe shi.

ABIN DA YA SAMI WANI GARI A AMURKA

Amurka ta daɗe tana fama da wannan matsala. A 1984 majalisarta ta yi doka a kan tankunan ƙarƙashin ƙasa. A 1986 aka buɗe asusu na musamman don gyaran wuraren da suka ɓaci, ana cika shi da ɗan haraji a kan man da kowa ke saye. A 1988 aka fitar da ƙa'idoji, aka ba masu gidajen mai shekara 10 su gyara tsofaffin tankuna, ko su sake su, ko su rufe. Tun daga lokacin, an tabbatar da yoyo a wurare fiye da 500,000. An gyara mafi yawansu, saura dubbai ana kan aiki.

Santa Monika gari ne a bakin teku, cikin jihar Kalifoniya. A 1996 aka rufe manyan rijiyoyinsa, domin an sami wani sinadarin fetur mai suna MTBE a ciki. Daga tankunan gidajen mai da bututunsu ya fito. Garin ya rasa wajen rabin ruwan shansa, sai da aka dinga sayo ruwa daga nesa. An yi shari'a, kamfanonin mai suka biya kuɗin gyara. Duk da haka sai a 2010 aka gama gina matatar da ta sa rijiyoyin suka koma aiki. Shekara 14 ke nan, a ƙasa mai kuɗi da injuna.

Kusa da mu ma an gani. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni, a kudancin Najeriya. A garin Ogale, kusa da wani bututun mai, an sami tataccen mai kaurin santimetir 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa. Binzin ɗin da ke cikin rijiyoyin sha ya ninka iyakar Hukumar Lafiya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Darasin a fili yake. Ana iya gyara ƙasa da ruwan da mai ya ɓata. Amma kowace rana da yoyo ya ƙara a ɓoye, tana ƙara wa gyaran watanni.

YADDA AKE GYARA, MATAKI MATAKI

Wannan aiki na ma'aikata ne masu horo da kayan aiki. Amma ya kamata mu san yadda yake tafiya, domin in an zo yi a garinmu mu gane ko an yi shi daidai, ko an rufe rami kawai an tafi.

Mataki na 1: a tsayar da yoyo. Ba a sharar ɗaki ruwa na zuba ta rufi. Ana kwashe man da ya rage cikin tanki, a kore tururinsa, sannan a tono shi. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke saurin fashewa, saboda tururi ya cika shi. Kada maƙeri ko mai walda ya kusance shi da wuta.

Mataki na 2: a ba mutane ruwan sha. Kafin a gama gyara, dole a sama wa waɗanda rijiyarsu ta ɓaci wani ruwa mai kyau, ko na famfo, ko na mota, ko wata rijiya ta gefen tudu.

Mataki na 3: a auna girman ɓarna. Ana huda ƙananan rijiyoyin bincike kewaye da wurin. Ana ɗibar ƙasa da ruwa cikin kwalabe, a kai ɗakin awo. Da haka ake sanin inda ruwa ya nufa, da nisan da mai ya kai, da rijiyoyin da ke kan hanyarsa.

Mataki na 4: a yaɗe man da ke saman ruwa. Kamar yadda mai dafa nama ke yaɗe kitse a saman romo, haka ake zura ƙaramin famfo ya tsotse man da ke yawo, ya bar ruwa. Ana tara shi cikin tano a kai inda hukuma ta yarda.

Mataki na 5: a yi maganin ƙasar da ta sha mai. A nan akwai abin mamaki. Cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, dangin waɗanda ke ruɓar da kara da kashin dabbobi cikin ramin taki. Wasunsu suna cin mai, su mai da shi iska da ruwa. Abin da suke so shi ne iska, laima, ɗumi da ɗan taki. Saboda haka ana tone ƙasar, a kai ta fili nesa da rijiyoyi. A shimfiɗa leda mai kauri ko a daɓe laka, don kada man ya sake nutsewa. A baza ƙasar kaurin kamar taƙi ɗaya ko biyu. A gauraya ta da taki, a dinga yayyafa ruwa, a dinga juya ta kamar ana kaftu. A yi mata kunya kewaye don kada ruwan sama ya kwashe ta. Aikin yakan ci wata 6 zuwa shekara 2. Fetur yana saurin ƙarewa, gazuwal ya fi shi jinkiri, baƙin man inji ya fi duka taurin kai. Zafin ƙasarmu yana taimaka wa waɗannan halittu, in dai ba a bar ƙasar ta bushe ba.

Mataki na 6: a zuƙe tururi. Inda ba a iya tonawa, kamar ƙarƙashin gini ko hanya, ana kafa bututu masu huji cikin ƙasa. Inji ya dinga zuƙo iska ta cikinsu, iskar tana fitowa da tururin fetur, a tace ta. Wani lokaci ana hura iska har cikin ruwan, ta taso da man da ya narke, ta kuma ƙarfafa halittun nan masu cin mai. Wannan dabara ta fi aiki a rairayi, kuma ta fi kama fetur bisa ga mai mai nauyi.

Mataki na 7: a tace ruwan. Ana jawo ruwan da ya ɓaci, a bi da shi ta cikin manyan tankuna cike da wani gawayi na musamman. An gasa shi a masana'anta har ya yi ƙananan kafofi marasa iyaka, su ke riƙe sinadaran mai. Da irinsa ake tace ruwan Santa Monika. Gawayin murhunmu ba ya maye gurbinsa. Wannan mataki shi ne mafi tsada da daɗewa, domin ƙasa tana sakin man da ta riƙe kaɗan kaɗan.

Mataki na 8: a ci gaba da awo. Idan man ya ragu ƙwarai, akan bar halittun ƙasa su ƙarasa sauran. Amma ana komawa rijiyoyin bincike lokaci lokaci ana aunawa. Takardar ɗakin awo ce ke cewa ruwa ya gyaru. Baki da hanci ba su isa shaida ba.

ALAMUN DA ZA MU KULA DA SU

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Matan da ke jan ruwa kowace safiya, da masu ga-ruwa, da masu lambu, su ne ke fara ganewa kafin kowane ma'aikaci. Ga alamun:

1. Ruwa yana warin fetur ko kananzir, ko ɗanɗanonsa ya sake.
2. Ana ganin maiƙo mai launin bakan gizo a saman ruwan guga ko randa.
3. Warin mai yana tasowa daga masai ko rami, musamman da damina, lokacin da ruwan ƙasa ke hauhawa.
4. Shuka ko itace kusa da gidan mai yana bushewa ba dalili.
5. Dabbobi suna sunsunar ruwa su juya.

ABIN DA ZA MU YI DA WANDA ZA MU BARI

Mu daina shan ruwan nan take. Kada a yi tuwo da shi, ko wanka, ko ban ruwan dabbobi da lambu. Mu rufe rijiyar, mu sanar da maƙwabta.

Mu kai magana ga mai unguwa ko mai gari, daga nan zuwa hukumar kwamin, da ma'aikatar ruwa, da ma'aikatar muhalli. Mu da muka koyi rubutu, ga ranar amfaninsa. Mu rubuta ranar da aka fara jin wari, da rijiyoyin da abin ya shafa, da nisansu da gidan mai. Mu kai takarda, mu ajiye ɗaya. Maganar baki tana ɓata, rubutu yana zama shaida. Tun a watan Disamba na 1998 ƙasarmu ta yi babbar dokar kare muhalli, kuma cikin ƙa'idojinta akwai cewa wanda ya gurɓata shi ke ɗaukar nauyin gyara.

Wanda ya sha ruwan ya ji ciwo, a kai shi gidan likita, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ya sha.

Kada mu dogara da dabarun da muka saba. Tacewa da ƙyalle tana tare ƙura da ƙwari. Alif da ƴaƴan zogale suna kwantar da laka. Ruwan jabel yana kashe ƙwayoyin cuta. Babu ɗayansu da ke fitar da fetur. Tafasawa kuma tana tayar da gubar cikin tururi, mai dahuwa da ɗan da ke bayanta su shaƙa.

Kada kowa ya shiga rijiyar don yasa. Wasu masu yasa sukan zura fitila su gwada iskar rijiya. In akwai warin mai, wannan gwaji yana iya zama ajalinsu.

Kada mu ɗebi man da ya taso cikin rijiya ko rami don sayarwa. Mu tuna watan Mayu na 2019, lokacin da motar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Mutane suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ga masu gidajen mai: man da ke yoyo kuɗinku ne ke shigewa ƙasa. Ku zura sandar awo kowace rana, ku gwama abin da ya shigo da abin da aka sayar da abin da ya rage. In lissafi yana giɓi kullum, ku nemi dalili. In an sami ruwa cikin tanki, mai yiwuwa ya huje. A yau akwai tankuna masu bango biyu, da na'urar da ke sanarwa da zarar bangon ciki ya fara yoyo. Tankin da aka daina aiki da shi, a kwashe shi a tone, kada a bar shi binne.

Ga sauranmu: gidan mai ba shi kaɗai ke ɓata ƙasa ba. Ƴan ruwa-ruwa su daina binne tano da bido cikin gida, su ajiye su bisa daɓen siminti nesa da rijiya da murhu. Makanikai su tara baƙin mai cikin tano maimakon zubarwa a kwata ko masai. Mai lambu ya ɗora injin ban ruwansa bisa faranti ko daɓe, kada ya zuba masa mai a bakin rijiya. Kafin a gina sabuwar rijiya, a tambayi ma'aikatan ruwa ko akwai tsohon tanki a kusa. In za a kafa sabon gidan mai a unguwa, jama'a su nuna wa hukuma inda rijiyoyinsu suke tun ba a fara tono ba.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Ta hanyoyi nawa mai ke kuɓucewa daga gidan mai zuwa cikin ƙasa? Ku faɗe su.
2. Me ya sa tafasawa da ruwan jabel ba su maganin ruwan da fetur ya shiga?
3. Waɗanne abubuwa huɗu halittun ƙasa ke bukata don su ci mai?
4. Ku zana taswirar unguwarku. Ku sa rijiyoyi, da gidajen mai, da garejoji, da wuraren ƴan ruwa-ruwa. Wace rijiya ce ta fi kusa da hatsari?

LISSAFI

Wani tanki yana yoyon lita 6 a rana. Lita nawa zai zubar cikin wata 5, in kowane wata kwana 30 ne? A ce ana sayar da lita dala 100, nawa mai gidan man ya yi asara?

RUBUTU

Kowa ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga hukumar kwamin, yana sanar da ita cewa rijiyar unguwarsu ta fara warin mai. Ya sa kwanan wata, da sunan unguwa, da alamun da aka gani.